Kifin da Za Ki Tafi da Shi Shagari

Boɗinga

Zuwa ga ɗiyata Saratu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwar uban da ɗiyarsa ta fitar kunya. Allah Ya sa ki buɗe wannan takarda kina zaune lafiya a ɗakin da goggonki Kulu ta share miki a Shagari. Allah Ya sa motar da ta ɗauke ki ta sauke ki ba ko ƙwarzane, ke da kayanki da abin da ke cikin bokitai.

Gobe da hantsi za ki tafi. Na san innarki ta riga ta cika miki kunne da zancen salla da mutunci da yadda ake zama a gidan mutane, kuma duk abin da ta faɗa na sa hannu. Ba zan maimaita ba. Wadda aka ɗauka aiki a ɗakin gwajin jini na asibiti ta wuce a koya mata wanke hannu. Ni zancen kifi zan yi miki, don shi na sani, kuma ta hanyar ɓarna na san shi.

Shekara goma sha ɗaya ke nan 'yan ɗorawa suna gidan nan a cikin akwatin gilashi. Innarki ce ta raɗa musu sunan saboda launinsu, ga kuma baƙin layin nan a ƙayar bayansu kamar an ja musu kwalli. Bara sun haura ashirin. Yau saura huɗu, namiji ɗaya da mata uku, kuma biyu cikin matan sun tsufa sun daina ƙwai. Zinariya kaɗai ta rage, ita ce ke riƙe da ƙwai a bakinta yau kwana shida. Mutumin da ya sayar mini da kakanninsu a Kaduna ya daɗe da rufe shago, ban kuma san wani mai irinsu ba. Idan abin da ke bakin Zinariya ya salwanta, iri ya ƙare daga nan. Abin da na ɗora miki a cinya ke nan, saboda haka ki yi haƙuri da tsawon takardar.

Kuskurena na farko girmama baƙo ne ya jawo shi. Lokacin ina malamin gona aka tura mu kwas Kaduna, na ga kifin a wani shago, na kasa wucewa. Mai shagon ya ce dangin karfasa ne, amma asalinsu wani babban tafki ne can ƙasar Malawi. Da yana ƙulle mini su a leda sai ya ce, “Malam, ka kula, suna son ruwa mai ɗan kanwa-kanwa.” Yanayin ruwan yake nufi. Ni kuwa kanwa na ji, na kuma gyaɗa kai kamar na gane.

Kin san rijiyar gidanmu. Zartsi gare ta, sabulu ba ya kumfa da ruwanta, shayi ba ya daɗi, butar ƙarfe kuwa farin ɓawo take yi a ciki. Ko liman ya leƙo gaisuwa ba ma miƙa masa wannan ruwan, sai a kawo na leda. To, na ce a raina, yaya zan ba baƙin da suka taso tun daga Malawi ruwan da nake jin kunyar ba maƙwabci? Na sa aka jibge mini ruwan leda, na zauna da reza ina yankawa ɗaya bayan ɗaya har akwatin ya cika. Sannan na shiga madafar innarki na ɗebo jar kanwa, na daka, na zo ina barbaɗawa da ƙiyasi.

Innarki ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, “Malam, mi kaka zuba musu?”

Na ce, “Kanwa.”

Ta ce, “Kihi na ko shanu?”

Na ce mata ta bar abin da ba ta sani ba, ni aka yi wa bayani a Kaduna. Kafin la'asar duk shidan sun taso sama suna haki, kafin magariba sun juya ciki. Da innarki ta ga ina kwashe su, sai ta tambaye ni a hankali, “A soya ko a bizne?” Har yau idan na tuna sai in ji kunya ta rufe ni. Ni ne fa na yi shekaru ina hawa babur zuwa Kajiji da Mandera ina yi wa manoman albasa faɗa kan zuba taki da ƙiyasi.

Na sake yo wasu bayan wata uku. Na bar kanwa, amma ban bar ruwan leda ba. Suka rayu, sai dai launinsu ya koɗe, ba kuzari, ba maganar ƙwai. Haka muka yi ta lallaɓawa har ranar da kika dawo daga makaranta, kina aji uku na sakandare, da wasu 'yan tsirarun takardun gwajin ruwa da kika roƙo wurin malamar kimiyya. Kika tsoma ɗaya a ruwan leda, kika tsoma ɗaya a guga. Kika daɗe kina dubawa, sannan kika ce, “Baba, ruwan da kaka saye ba shi na suka so ba. Ruwan rijiyarmu shi ad da kama da na garinsu.”

Dariya na yi miki, ban manta ba. Ba ki yi fushi ba, kika ce in ba ki aron guda ɗaya. Kika sa shi a baho, kullum kina rage kofi ɗaya na ruwan leda kina mayar da kofi ɗaya na rijiya. Kafin mako biyu kifin nan ya yi launin da ban taɓa gani ba tun a shagon Kaduna. Wallahi ranar ban iya zama ba. Na fita majalisar ƙofar masallaci na ba kowa labari, har da waɗanda ba su tambaye ni ba, har sai da aka fara ce mini uban likita. Ba su san bakinsu zai kama ba.

To ga abin da za ki yi. Ruwan gidan goggonki ba irin namu ba ne. Na sha shi, garɗi gare shi, sabulu kuma yana kumfa. Na cika miki jarka huɗu daga rijiyarmu, da su za ki fara, sannan ki riƙa surkawa da na can kaɗan-kaɗan kamar yadda kika koya mini. Fararen duwatsun nan da na tsinto a fakon bayan gari suna cikin buhu, ki jera su a ciki, su ne ke sakin abin da kifin ke so a hankali ba tare da an barbaɗa komai ba. Duk Juma'a ki canja kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan, kada ki taɓa canja shi duka rana ɗaya. Idan na famfo ne, ki bar shi ya kwana a buɗe. Kuma duk ranar da wani ya yi miki bayani da kalmar da kike jin kin sani, ki sake tambayarsa abin da yake nufi da ita, ko da zai ɗauke ki marar kai. Da na yi wa mai shagon nan tambaya ɗaya, da kifi shida ba su mutu a hannuna ba.

Na biyu kara ce ta ci ni. Kin san abokina Mamman, masuncin nan na Shagari da muka yi makarantar allo tare. Ya zo ya ga akwatin, ya zagaya shi, ya ce, “Haliru, wanga ɗaki duka, su kaɗai? Ai kaɗaici na kashe su.” Mako na zagayowa sai ga shi a kan babur da gwangwani a rataye, ya ɗauko 'yar tarwaɗa da ba ta kai ɗan yatsa ba, tun daga dam har Boɗinga. Na san bai kamata ba, zuciyata ta gaya mini. Amma mutum ya sha rana dominka, yana tsaye yana murmushi, ta ina za ka fara? Na karɓa na zuba ta a gabansa, har da godiya.

Tarwaɗa ta yi ta girma, 'yan ɗorawa suna raguwa. Daga sha huɗu suka koma sha biyu, suka koma tara. Na zargi kyanwa, na sa aka yi wa akwatin murfi. Sai wata safiya bayan na dawo masallaci na iske baƙuwar tana kwance a ƙasa abinta, wutsiya mai ruwan ɗorawa tana leƙowa daga bakinta. A miyar innarki ta ƙare, ni dai ban ci ba. Za ki ce na hankalta. Ina fa. Shekara na zagayowa Mamman ya sake zuwa da wasu jajayen kifi biyu 'yan ƙanana masu ɗigo-ɗigo masu ƙyalli, irin na fadama, ya rantse waɗannan ba sa girma. Gaskiya ya faɗa, ba su girma ba. Amma ranar da suka haƙa ramin ƙwai sai suka tattara duk masu gida suka cusa su a kusurwa ɗaya, ko abinci ba mai iya fitowa ya ci.

Ina gaya miki wannan ne don Shagari za ki, bakin dam, kuma Mamman yana nan da ransa bai tuba ba. Da zarar an ji ɗiyar Malam Haliru tana da kifi a gilashi, za a yi ta kawo miki a gwangwani da ƙwarya. Ki karɓa da hannu biyu, ki yi godiya, ki tambayi iyali. Bayan sun juya baya ki zuba a baho daban, ko ki miƙa wa goggonki ta san yadda za ta yi da shi. Kafin kowane kifi ya shiga akwatin nan, ki san iya girman da zai kai nan gaba, don girmansa na yau ba ya gaya miki komai. Ki san abin da yake ci, ki san ruwan da yake so. Duk wanda ɗan'uwansa zai iya shiga bakinsa, wata rana zai shiga. Jajayen nan na ado masu doguwar jela da ake sayarwa a birni ma ki bar su inda kika gan su, sanyin jiki gare su, 'yan ɗorawa za su yagalgala musu jela cikin kwana biyu. Ko kifin da ya dace kika samu, ya yi mako uku shi kaɗai tukuna ki ga ko da cuta ya zo.

Na uku shi ya fi ba mutane dariya, ni kuwa ya fi ba ni haushi, don a wurin da nake taƙama na faɗi. Kin san duk rikicin iyakar gona a unguwar nan ni ake kira. Dabarata ɗaya ce, in kori 'yan kallo, in bar mutum biyu su kaɗai, don yawanci idon jama'a ne ke hana mutum sauka. To da maza biyu suka fara kai wa juna cizo a akwatin, sai na ce na san maganin wannan. Na kwashe sauran duka na zuba a baho, na bar su su biyu su fahimci juna. Washegari na iske ɗayan leɓe a yage, ya maƙale a bayan bututun iska yana karkarwa. Kwana biyu ya ƙara ya mutu. Innarki ta ce, “To alƙali, an gama shari'a?”

Ashe su waɗannan faɗansu rarraba shi ake yi. Idan suna da yawa, mai ƙarfin ya kori wannan ya kori wancan, ba wanda zai sha wuyar shi kaɗai. Idan biyu ne, duk fushin kan ɗaya yake sauka. Saboda haka namiji ɗaya, mata uku ko huɗu, kuma idan 'ya'yan Zinariya sun girma kika ga maza sun yi yawa, ki raba su tun kafin su fara. Namijin nan abin da ya fi tsana shi ne mai kama da shi. Idan Allah Ya hore miki wasu 'yan Malawin, ki zaɓi masu wani launi, kamar shuɗi, waɗanda girmansu da zafin ransu ya zo daidai da namu. Amma ki tuna yawan kifi yawan ƙazanta ne, injin tace ruwa ba zai huta ba, kada ki bar batirin solar ya mutu.

Sai kuma rushe gari, wanda kin fi ni iyawa. Kada ki taɓa sakin baƙo cikin akwatin da kowa ya riga ya san kogonsa. Ki ba su abinci su ƙoshi, ki fitar da duwatsun duka, ki sake jera su ta wata fuska, sannan ki saki baƙin, uku ko huɗu tare. Kowa zai shagala da neman ɗaki, kafin su farga sun zama 'yan gari ɗaya. Ke dai ba wanda zai rushe miki gari. Gidan goggonki da asibitin duk za ki iske kowa da kujerarsa da kofinsa da wurin rataye hijabinsa. Ki yi mako guda kina kallo kafin ki ajiye jakarki a ko'ina, ki gane wurin da ba na kowa ba, ki fara daga nan.

Akwai wata ɓarnar da na yi da Babbar Salla, ita ma kyakkyawar niyya ce. Na ga kowa a gidan ya ci naman layya har kaji sun samu rabonsu, na ce su ma 'yan gida ne. Na yanka hanta ƙanana-ƙanana na zuba musu kwana uku a jere. Suka ci kamar ba gobe, cikinsu ya kumbura, uku suka tafi. Hanjinsu ba na maiƙo ba ne. Abincinsu na gwangwani ya ishe su, sai ganyen zogale ko alayyafo da aka ɗan yi wa ruwan zafi, kuma iya abin da za su cinye kafin ki ƙirga talatin. Wannan ma yana cikin zaɓen abokin zama, don kifin da sai da nama yake rayuwa ba za su ci kwano ɗaya da namu ba. A nan goggonki Kulu ce abin tsoro. Ƙanwata ce, na san ta, ba ta iya ganin baki yana motsi ba ta sa masa abu ba. Ki kulle gwangwanin abincin a akwatin kayanki, ki kuma gaya mata ni na ce tuwo ba ya shiga. Idan bazara ta yi, ki nisanta akwatin daga taga, ki buɗe murfin ki juya masa fanka. Kada ki jefa ƙanƙara.

Yanzu zancen Zinariya. Karon farko da wata mace ta yi ƙwai a gidan nan ban san abin da nake gani ba. Na ga ta daina cin abinci, maƙogwaronta ya kumbura, ta koma bayan dutse ta laɓe. Na ce cuta ce, wani abu ya maƙale mata. Na kamo ta da raga, na riƙe ta a tafin hannu, na buɗe bakinta da tsinken sakace. Sai ga ƙwai suna zubowa a hannuna, kamar ƙwayar dawa, wasu har idanu sun fito. A ƙasa na zauna. Ban san akwai halittar da ke riƙe 'ya'yanta a baki mako uku ba ci ba, kuma ni da na zo taimako ni na raba ta da su.

Saboda haka ki ji da kyau. Na sa Zinariya a ƙaramin bokiti ita kaɗai, mai murfi, za a lulluɓe shi da zane don duhu yana kwantar mata da hankali. A cinyarki zai zauna, ba a bayan mota ba. Ki roƙi direba ya bi gargada a hankali, idan ya yi gunaguni ki ce ƙwai kika ɗauko, ba ki yi ƙarya ba. Idan ta firgita za ta tofar da su ko ta haɗiye. Da kun isa kada ki sa mata raga, ki nutsa kofi ki ɗauke ta cikin ruwanta. Na yanka miki gilashin da za ki raba akwatin biyu, ita a gefe ɗaya da 'yan duwatsu ƙanana, sauran a ɗaya gefen. Kada ki yi mata tayin abinci, kada ki yi ta leƙe. Nan da mako biyu ko da 'yan kwanaki za ta sake su da kanta. Idan ta sake su, bayan kwana biyu ki mayar da ita gefen manya ta ci ta murmure, su kuma ki murmushe musu abincin ya zama gari.

Saura ƙurungu. A duk kifin da na gwada cikin shekarun nan, shi kaɗai ya zauna da 'yan ɗorawa lafiya, kuma shi ma Mamman ne ya kawo shi, kin ga ba a rasa ranar da ya yi daidai. Ƙasa yake zama, su suna sama. Ba ya kama da su, ba ya neman kogon kowa da faɗa, yana da ƙayar da ta sa ba mai taɓa shi, ruwan zartsi kuma bai dame shi ba. Shekara biyar yana share musu abin da ya faɗo. Ba waliyyi ba ne, idan ya samu ɗan jariri a sake zai lashe, shi ya sa ake raba mai jego. Amma kin san wata biyu ke nan yana cikin baho a bayan ɗaki, tun ranar da 'ya'yan Zinariya na baya suka ɓace gaba ɗaya na ce shi ya tsallaka ya cinye su. Ke ma kin yi mamaki, na gani a fuskarki, amma ba ki musa mini ba.

Saratu, ba shi ba ne. Ni ne.

Da hantsi ina canja ruwa na sa bakin tiyo a gefen da suke, ɗaya bakin yana zuba a gindin lemun tsami kamar kullum. Na zuƙe su duka ban gani ba. Da la'asar innarki tana shara ta iske su a kan rairayi sun bushe. Sai da kika fita ta zo ta buɗe mini tafin hannunta, ta ce, “Malam, ƙurungu bai san hanyar gindin lemu ba.” Ko abin da ke hannun nata ban iya gani ba sai da na shafa. Ta ce, “Ka gaya ma ɗiyarka, ko ni in gaya mata.”

Ciwon yana ne ya rufe mini ido. Na dama ya fi shekara ina gani da shi kamar ta gilashin da aka shafa wa koko, yanzu na hagu ya bi sahu. Ina ganin abu mai ruwan ɗorawa yana wucewa, amma rabon da in ga layin kwallin nan tun kafin azumi. Waɗanda suka mutu bara, na ce zafi ne, na ce ɗauke wuta ne. Gaskiyar ita ce cuta ta fito musu a jiki ban gani da wuri ba, wani kuma ya mutu a bayan dutse ya ɓata ruwa kwana uku ban sani ba. Daga ashirin zuwa huɗu, duk aikina ne. Na ɓoye saboda ba na so a ce a majalisa malamin gona ya makance, kuma ina tsoron wuƙar likita, ga shi na faɗa. Shi ya sa kika ga takardar nan ta cinye littafin makaranta guda, kowane layi kalma huɗu. Yini guda cur na yi ina rubuta ta a bakin ƙofa inda haske ya fi yawa.

Na gaya wa mutane kyautar samun aiki na yi miki da kifin. Haka ne, amma rabin maganar ke nan. Ɗaya rabin shi ne idan suka ƙara wata uku a hannuna ba ɗaya da zai rage, kuma duk garin nan ba hannun da na yarda da shi sai naki. Kuskuren da na yi kan ƙurungu ya fi na kanwa muni, don wancan rashin sani ne, wannan kuwa ina sane na ɗora laifina a kan wanda ba shi da bakin kare kansa. Aikinki na jinin mutane ne. Ranar da kika haɗa kwalbar wani da ta wani, kuma ranar za ta zo don ke ma mutum ce, ki faɗa a ranar, da bakinki, kafin a nemi mai shara a ɗora masa. Za a yi miki faɗa, ki shanye. Ya fi wata biyun da na yi ina wuce bahon nan ina kau da kai.

Ki tafi da ƙurungun, na sa shi a bokiti na uku. Ya zauna gefen manya, idan ƙananan sun kai rabin ɗan yatsa ki cire gilashin su haɗu. Sannan idan kin zauna kin san mutane, ki tambayi likitocinku inda ake cire yana da hannu mai kyau. Zan je, in dai ke za ki riƙe mini hannu zuwa ƙofar. Ban taɓa roƙon ɗa komai ba a rayuwata, yau ga shi ina roƙonki, kuma abin mamaki ban ji nauyi ba. Alfahari nake ji, irin na ranar da kika tsoma takarda a guga.

Ki gaishe mini da goggonki Kulu da maigidanta da duk mutanen gidan. Ki gaishe da Mamman, ki karɓi gwangwaninsa da hannu biyu. Ranar da Zinariya ta buɗe baki, kada ki turo mini hoto a waya yadda kika saba, don duk waɗanda kika turo a baya cewa kawai nake yi sun yi kyau. Ki kira ni, ki ƙirga mini su da baki ɗaya bayan ɗaya ina ji.

Allah Ya tsare ki a fitarki da shigarki, Ya tsare ki daga sharrin hanya da na mutum da na ruwa. Allah Ya sa albarka a hannunki, Ya haɗa ki da abokan zama nagari, Ya yi miki albarka duniya da lahira. Allah Ya raya abin da ke bakin Zinariya, Ya kuma nufe ni da zuwa Shagari in gan su da idona tun suna ƙanana.

Wassalam.

Mahaifinki,
Haliru